Dutsen Ƙofar Baya

Ranar Talata, bayan isha'i,
na ajiye tasi a bakin makarantar Zulai,
hannuna na warin fetur.
An ce iyaye su zo. Na zo.
A Greensboro ba a aiko maka goron gayyata,
saƙo ne ke faɗowa cikin waya
kamar tsakuwa a rijiya.

Kujeru goma sha huɗu, an yi da'ira da su,
babu ta gaba, babu ta baya.
Madam Pettiford, shugabar makaranta,
ta cire tabarau ta ce, "Ba ni kaɗai zan yanke ba."
Na yi dariya a ciki.
Inda na yi firamare, hedimasta in ya yi tari
ya zama doka.

Magana ɗaya ce a gabanmu:
na'urar gano ƙarfe a bakin ƙofa,
a sa ko kada a sa.

Ɗan sanda Hadley ya zo da takardu,
ya ce dala dubu kaza,
ya ce layin minti ashirin kowace safiya.
Wata uwa, da rigar asibiti a jikinta,
ta ce ko nawa ne a saya.
Muryarta na rawa, na kuwa san rawar.
Watan jiya saƙon Zulai ya iske ni
a hanyar filin jirgi, da fasinja a baya:
"Baba, an kashe fitila, muna ƙarƙashin tebur."
Sai da aka yi minti tara
ta ƙara da cewa, "Ashe gwaji ne."
Minti taran nan har yau suna cikin motata,
ba su biya ba, ba su sauka ba.

Sai Deshawn, wakilin ɗalibai,
ya miƙe, wuyansa ya fi rigarsa tsawo.
Ya ce, "Kullum a laluba jakata
kafin in ga allo?
To ku faɗa min ranar da zan daina zama abin zargi."
Ɗaki ya yi tsit.
Malamin lissafi ya tsura wa takalminsa ido.

Muka yi ta ja.
Mai tsoro na da gaskiya,
mai jin ciwo na da gaskiya,
gaskiya biyu kuwa sun fi ƙarya wuyar rabawa.
Kofi ya huce. Wani ya duba agogo.

Can gefe akwai tsoho Cornelius, mai shara,
da tarin makullai a ƙugunsa.
Sunansa ba ya cikin takarda,
jira yake mu tashi ya kulle.
Ya yi gyaran murya.
"Ƙofar baya, ta wajen filin ƙwallo,
sakatarta ta mutu tun kafin Kirsimeti.
Yara na tokare ta da wannan.
Sau uku na rubuta."
Ya sa hannu a aljihu,
ya ɗora dutse a kan tebur,
ƙarami, bai kai dunƙulen hannu ba.

Muka zuba masa ido, mu goma sha huɗu.
Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo,
mu kuwa tun ɗazu maƙwabta muke tambaya.
Madam Pettiford ta tashi da kanta
ta jawo kujera ta goma sha biyar.

Ni ma sai bakina ya buɗe.
Da Turancina mai ɗingishi na ce,
in za a yi gwaji, a sanar da iyaye tukuna.
Na ga ana rubutawa.
Maganata, da tawada, a takardar makaranta!

An ɗaga hannu: a gyara ƙofa kafin Juma'a.
Na'ura kuwa an ɗage sai wata mai zuwa,
sai an bi aji aji an ji ta bakin yara.
Uwar nan ba ta ji daɗi ba,
ta fita ba sallama. Ban ga laifinta ba.

A gida Zulai na kan kujera da littafi.
Ta ce, "Baba, me kuka yanke?"
Na ce, "Kin san wani dutse a ƙofar baya?"
Ta sunkuyar da kai, ta juya shafi.
Ta ce, "Kowa ya sani.
Ba wanda ya tambaye mu."